Mashi Huɗu a Falon Baba Ɗalhatu

Al-Badi'a, Riyad
Asabar, 10 ga Oktoba, 2015

Zuwa ga Gwaggo Turai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya ke da mutanen gidan Samaru. Yaya ciwon gwiwa? Allah ya ƙara sauƙi.

Gwaggo, ni ne Uwais ɗan Sha'aban, jikan Kyauta ƙanwar mahaifinki. Rabonki da ganina shekara shida, tun bikin Rukayya. An ce min kunnenki ba ya son doguwar waya, gara a rubuta a takarda a ɗauki hoto a turo miki. Haka na yi.

Watana biyar a Riyad. Bayan na gama digiri na samu aiki a ɗakin gwajin kankare na wani kamfanin gine-gine a Al-Shifa. Iƙama, takardar izinin zama, ta fito, lafiyata ƙalau. Ina zaune a gidan Baba Ɗalhatu, wanda ya ce kin san shi tun yana ɗalibin marigayi maigidanki. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi, ya ba ni ɗaki, bai taɓa bari na ji ni baƙo ne ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Shekara goma sha tara ke nan, duk Juma'a daga La'asar zuwa Magariba, mutum huɗu suna zama a falon Baba suna kartar da ake kira birij. Ba caca ba ce, maki kawai ake rubutawa. Abokin wasan Baba, Alhaji Basiru, ya koma Kano gaba ɗaya a watan jiya. Saura uku: Baba, da Dokta Awad likita ɗan Sudan, da Malam Issoufou mutumin Damagaram. Wasan kuwa sai da huɗu, biyu-biyu. An gayyaci Dokta da Malam Issoufou wani zaman a wata unguwa, inda ba a karɓar mutum sai da abokin wasansa. Dokta ya faɗa a gabana ba ɓoye-ɓoye: za su gwada ni Juma'a huɗu, zuwa ƙarshen watan nan. In wasa ya yi daɗi su zauna. In bai yi ba, daga Nuwamba su koma can, Baba ya zauna shi kaɗai.

Tun rasuwar Hajiyarsa shekara biyu da suka wuce, ba mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan nan sai ranar Juma'a. Tun Alhamis yake sayo dabino yana goge kofuna.

Zan faɗi abin da na fahimta, ki gyara min. Kowa yana karɓar kati goma sha uku. Launi huɗu ne, Baba yana kiransu da sunayen da ya ce a falonku ya koya: mashi, zuciya, daimon, fure. Kafin a jefa kati ko ɗaya ana yin tayi. Mutum ya ambaci launi da lamba, wato yana alkawarin cewa in launin nan ne mai yanka sauran, shi da abokinsa za su ci zagaye shida da ƙarin lambar da ya faɗa. Zagaye shi ne kowa ya jefa kati ɗaya, wanda nasa ya fi ya kwashe. Zuciya ɗaya zagaye bakwai ke nan. Wanda ba shi da abin faɗa sai ya ce ya wuce. Jefa katin ban rasa gane shi ba. Tayin ne ya fi ƙarfina, don ban san yadda mutum zai dubi hannunsa ya san yana da ƙarfi ko ba shi da shi ba.

Jiya aka yi gwaji na farko. An raba kati sau goma sha huɗu, na ce na wuce sau goma sha huɗu. A na tara Malam Issoufou ya ce, “Injiniya, azumin magana ka ɗauka? Ai Ramadan ya wuce.” Dokta bai yi dariya ba, agogo ya duba. Da suka tafi na ba Baba haƙuri, ya ce, “Ba komai, za ka gane a hankali.” Ba zan iya tsare shi da tambayoyi ba, shi ma ba zai ce na yi kuskure ba. Amma ya taɓa cewa a duk Zariya bai ga mai auna hannu kamarki ba.

Saura Juma'a uku. Don Allah ki koya min.

Ɗanki,
Uwais

Samaru, Zariya
Talata, 13 ga Oktoba

Uwaisu,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na kuma gane ka sarai. Kai ne yaron da ya ƙirga kujerun biki ya zo ya ce min uku sun ɓata. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Ka gaishe min da Ɗalhatu, ka ce masa har yanzu ban yafe masa kofin shayin da ya zubar a kan kartata ba.

Shekara talatin na koyar da lissafi, ban taɓa samun ɗalibin da ya nemi darasi da kansa ba sai kai. To saurara.

Da ka ɗauki katinka, ka jera su launi-launi, sannan ka ƙirga manyan. As maki huɗu, sarki uku, sarauniya biyu, jak ɗaya. Duk kartar maki arba'in ne, ka ga rabon kowa goma in an yi adalci, ba a kuma yi. Mai goma sha uku ya fi tsaka-tsaki da sarki guda, shi ya sa yake da bakin fara tayi. In ba ka kai goma sha uku ba, ka wuce, kada ka ji kunyar kowa. In ka kai, ka ambaci launin da ya fi tsawo a hannunka. Mashi da zuciya ka bari sai kana da biyar.

Abin da ake nema shi ne gem, wato tayin da ke da babban lada. A mashi ko zuciya, tayin huɗu ne, zagaye goma. Ana son ku biyu ku haɗa maki kamar ashirin da shida, da kati takwas na launi ɗaya tsakaninku. Wanda ya ci zagaye goma alhali tayin ɗaya ya yi, ladan gem ya wuce shi.

Ka raba wa kanka hannu hamsin kafin Juma'a, ka ƙirga kowanne har idonka ya riƙa yi ba tare da yatsa ba. Akwai saura da yawa, amma ga baƙi sun yi sallama. Zan ƙaro maka jibi in Allah ya yarda.

Kada ka damu da Issoufou. Kowane teburi yana da irinsa.

Gwaggonka,
Turai

Al-Badi'a, Riyad
Asabar, 17 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya. Baba ya amsa gaisuwa, ya ce kofin ba shi ya ture ba. Mu nan lafiya, zafi ya fara sauka.

Na raba hannu hamsin da kika ce, na ƙara talatin. Yanzu ina ƙirga hannu cikin daƙiƙa shida. Na jira ƙarin da kika ce za ki turo ranar Alhamis, bai zo ba, sai na shiga wasan jiya da abin da nake da shi.

An raba sau goma sha biyar. Sau uku na kai goma sha uku, na fara tayi duka ukun, biyu sun yi kyau. Dokta har ya ce “tamam”, wato daidai, sau ɗaya. Amma akwai hannun da ya hana ni sukuni. Baba ya fara da zuciya ɗaya. Ni ina da sarki da jak da ƙanana biyu a zuciya, as a mashi, sarauniya a daimon, sarauniya a fure. Na ƙirga sau biyu, goma sha biyu ne, saura ɗaya. Na bi abin da kika rubuta na wuce.

Na shimfiɗa katina a teburi don Baba ya yi wasa da su, kamar yadda abokin wanda tayinsa ya tsaya yake yi. Malam Issoufou ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, “Alhaji, ɗanka ya ajiye maka buhun shinkafa a ɗaka ya bar ka kana lasar cokali.” Baba ya ci zagaye goma cif. Shi yana da goma sha biyar, ni goma sha biyu, ashirin da bakwai ke nan, ga zuciya tara tsakaninmu. Da kaina na ga gem ne ya wuce mu. Dokta ya tambaye ni da Turanci wa ya koya min haka. Ban faɗi sunanki ba.

Gwaggo, na sake karanta takardarki sau huɗu. Kin ce in ban kai goma sha uku ba in wuce. Kin kuma ce ana haɗa maki tsakanin mutum biyu. In na wuce, ta yaya Baba zai san abin da zai haɗa? Ɗaya daga cikin biyun ban fahimta ba, kuma na fi zaton laifina ne.

Saura Juma'a biyu.

Ɗanki,
Uwais

Al-Badi'a, Riyad
Asabar, 24 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Kwana goma sha ɗaya ban ji daga gare ki ba. Wayata ta nuna takardata ta makon jiya ba ta ma shiga taki ba. Ina roƙon Allah ya sa lafiya. In kuma tambayata ce ta yi kama da ina ɗora miki laifi, ki yafe min, ba nufina ba ne.

Ranar Laraba na daure na kira Dokta Awad bayan tashi daga aiki. Ya ce goma sha uku na mai fara tayi ne. Wanda abokinsa ya riga ya fara, maki shida sun ishe shi ya amsa, kuma dole ya amsa. Minti biyu ya yi ya gama bayanin. Na ji kunya, amma na rubuta.

Jiya na amsa wa Baba duk inda ya kamata. Har zuwa rabo na goma muna gaba. A na goma sha ɗaya Baba ya ce zuciya ɗaya. Ina da maki bakwai: mashi bakwai daga sarauniya, jak, goma zuwa ƙasa, as a daimon, zuciya kuwa ƙwaya ɗaya tak, biyar. Na ce mashi ɗaya. Baba ya ce zuciya biyu.

Gwaggo, wannan karon ba rashin sani ba ne. Na san in mashi ne mai yanka, hannuna zai ci zagaye biyar da mashi kaɗai, ga as. Na san in zuciya ce, mashina bakwai ba za su amfana masa komai ba. Na san mashi biyu ya kamata in ce. Amma Baba ya faɗi zuciya sau biyu, a falonsa, a gaban abokansa na shekara goma sha tara. Na ɗaga kai na ga furfurarsa, sai na ji kamar zan ce masa, “A'a, ba haka ba, ga yadda za a yi.” Ban taɓa faɗa wa mahaifina haka ba. A gidanmu in babba ya maimaita magana, ta zauna. Na ce na wuce.

Zagaye takwas ake nema, shida Baba ya ci. Da aka buɗe hannuwa Dokta ya nuna da yatsa yadda mashi biyu za ta yi har da rara. Bayan haka sau biyu irin wannan ya sake tasowa, sau biyu na bar wa Baba. Muka ƙare a baya.

Da za su tafi na ji Malam Issoufou a bakin ƙofa yana cewa Dokta, “Wannan ba mutum huɗu ba ne, uku ne da ladabi.” Dokta ya ce saura mako ɗaya, a cika alkawari. Daga nan Baba bai ƙara ce min uffan ba. Ya kwashe kofuna da kansa, ya hana ni taɓawa.

Na yi tunanin in ce masa ya nemi wani. Na bincika, babu wani. Don haka zan zauna a kujerar nan ranar talatin ga wata ko da me. Abin da ban sani ba shi ne ko bakina zai buɗe.

Ɗanki,
Uwais

Samaru, Zariya
Talata, 27 ga Oktoba

Uwaisu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, kwantar da hankalinka. Rasuwa aka yi mana a ƙauye, ƙanwar maigidana, Allah ya jiƙanta. Kwana goma sha biyu na yi a inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu, gwiwata kuwa ba ta hawa tudu. Jiya na dawo na tarar da takardunka biyu.

Ta farko laifina ce. Na ba ka rabin darasi na tashi tarbar baƙi. Likitan ya faɗa maka daidai.

Ta biyu ce ta ɓata min rai. Wato Ɗalhatu fushi yake da kai har ya daina yi maka magana? Shi? Yaron da ya yi shekara guda a falonmu yana riƙe kati a juye kowa na gani? In ya tsorata ka da fuska, ba shi wayar in yi masa magana.

Yanzu batun ladabi. Ni ma na yi irin naka. Shekarar farko da aurenmu, duk launin da Malam ya ambata sai in bar masa, don ban ga yadda zan musa wa miji a gaban abokan aikinsa ba. Ran nan muna dawowa ya tsayar da mota gefen titi ya ce, “Turai, katinki goma sha uku ne, ba na ganin ko ɗaya. In kin yi shiru, ni kaɗai nake wasa da mutum biyu.” Tayi ba gardama ba ce, Uwaisu, labari kake ba abokinka na abin da ba ya gani. Da ka wuce da mashi bakwai a hannu, ce masa ka yi, “Baba, zuciyarka ta yi min.” Ta yi maka? Ba ta yi ba. Ka faɗa wa dattijo abin da ba haka yake ba, ya gina a kai ya faɗi a gaban abokansa. Ka duba min ina ladabin yake.

Ga sauran darasin. Maki ba su ne duka ba. Suna auna manyan kati, ba sa auna tsawo. Launi mai kati bakwai, ƙanananka ma ci za su yi bayan na mutane sun ƙare, muddin shi ne mai yanka. Ka ƙara wa kanka maki ɗaya kan kowane kati da ya haura huɗu a dogon launinka. Amma rashin kati a launin abokinka ba ƙarfi ba ne, gargaɗi ne. In kana da ɗaya ko babu a launinsa, shi ma mai yiwuwa haka yake a naka, sai ku tsaya da wuri, a launin da ya fi ƙwari. Tambayar da za ka yi ita ce: launin wa zai tsaya da ƙafarsa ko abokin bai kawo komai ba? In naka ne, ka faɗa, ka sake faɗa. In nasa ne, ka bar masa ko da kai ne babba.

Ranar Juma'a ka gaishe shi ka durƙusa, ka zuba masa shayi, ka ɗauko masa takalmi in za shi masallaci. Amma daga an raba kati zuwa a tattara, ba Baba ba ne, mutumin da ke zaune a gabanka ne mai jiran labari.

Gwaggonka,
Turai

Al-Badi'a, Riyad
Laraba, 28 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan marigayiya, ya ba ku haƙuri. Na ji daɗi da kike lafiya.

Gyara ɗaya, don kada in zalunci Baba. Ba fushi yake da ni ba, ni ne ban rubuta da kyau ba. Washegari shi ya tashe ni sallar Asuba kamar kullum. Shirun da na ce na mutumin da ya fara haƙura ne. Jiya na ga ya naɗe mayafin teburin ya sa a saman kabad, alhali a kan kujera yake barinsa daga Juma'a zuwa Juma'a. Don Allah kada ki kira shi.

Na sauko da mayafin na mayar kan kujera.

Ina raba hannu huɗu a kan gado bayan na dawo aiki, ina faɗin tayin da ƙarfi, har da na musa wa Baba, don kunnena ya saba da jin muryata tana yi. Na yi sau sittin da biyu.

Ɗanki,
Uwais

Al-Badi'a, Riyad
Asabar, 31 ga Oktoba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata gajiyar hanya ta sake ki. Mu nan lafiya. Zan ba ki labarin jiya a jere, kada in tsallake komai.

Sun iso ƙarfe uku da rabi. Dokta ya zo da kwalin halawa, abin da bai taɓa yi ba, na gane na sallama ne. Rabo takwas na farko ba abin faɗa, na fara inda ya kamata, na amsa inda ya kamata, ba inda launina ya ci karo da na Baba. Dokta yana wasa yana duba waya.

Rabo na tara na ɗauki kati na jera. Mashi bakwai: as, sarki, jak, goma, takwas, shida, uku. Daimon uku da sarki. Fure uku ƙanana. Zuciya babu ko ɗaya. Manyan kati maki goma sha ɗaya, tsawon mashi ya ƙara uku, goma sha huɗu.

Baba ya ce zuciya ɗaya. Na ce mashi ɗaya. Ya ce zuciya biyu. Na tsallaka na ce mashi uku, don ya san dogo ne kuma mai ƙarfi. Malam Issoufou ya ce, “A'a, yau an sha ruwa.” Baba ya dube ni ta saman tabarau, ya ce zuciya huɗu, ya kife katinsa a teburi kamar an gama.

Sau uku ke nan ya faɗa. Na yi tambayar da kika ce. Mashina ko Baba bai kawo ko ɗaya ba zagaye shida ne a ƙalla. Zuciyarsa ban san ƙwarinta ba, amma na san ba ni da ko ɗaya da zan tallafa masa, shi kuma bai sani ba, ba kuma mai faɗa masa sai ni. Na ce, “Mashi huɗu.” Muryar ta fito siririya, Dokta ya ce bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi.

Baba ya ce, “Kai, Uwais.” Dokta ya ce, “Ya Hajj, ba a magana a tsakiyar tayi.” Ya ajiye wayarsa a aljihu. Kowa ya wuce.

Baba ya shimfiɗa: mashi ɗaya, zuciya bakwai daga sarki da sarauniya, as da sarauniya da ƙarami ɗaya a daimon, fure biyu. Ni zan yi wasan, zagaye goma nake nema.

Ban samu ba, Gwaggo. Tara na ci. Sun ci fure uku, sarauniyar mashi kuma tana wurin Dokta da 'yan rakiya uku. Na faɗi da ɗaya. Na zauna ina kallon teburi, na ce a raina shi ke nan, na musa wa Baba a gaban mutane kuma na faɗi.

Sai Baba ya buga teburi ya ce, “Da ka bar ni a zuciya huɗu da na yi ta!” Ban san lokacin da na ce ba, “Baba, da ka faɗi da biyu. As da jak da goma na zuciya suna wurin Malam Issoufou, a bayanka yake zaune. Uku ke nan, ga fure biyu.” Ya ce ina na san wannan. Na ce na ga katin da aka jefa. Malam Issoufou ya baje nasa yana dariya har da tari, ya ce, “Alhaji, wallahi jiranka nake, na riga na wasa wuƙa, yaron nan ya ƙwace min nama.”

Dokta bai shiga ba. Ya jawo katin duka ya jera hannu huɗun a buɗe. Ya ce min, “Tayinka daidai ne. Wasanka ne da saura.” Ya nuna min: da na jefa sarkin zuciya daga hannun Baba, Malam Issoufou ya rufe da as, in yanka da mashi, sarauniyar zuciya ta zama mai ci, in zubar da furen da ya kashe ni a kanta. Goma cif. Hanyar tana gabana ban gani ba. Baba ya ce to ai ga shi, da zuciyarsa za a yi. Dokta ya ce da zuciyarsa, amma a mashin yaro. Suka kaure, Larabci da Hausa da Turanci, har shayi ya huce.

Mun yi rabo biyar bayan nan. Sau ɗaya na sake cire Baba daga launinsa, sau ɗaya na bar masa don nasa ya fi nawa, na kuma san dalilin kowanne. A jimla sun fi mu da kaɗan.

Da aka kira Magariba Dokta ya tashi yana neman makullin mota. Ba wanda ya tayar da maganar Nuwamba. A bakin ƙofa ya juyo ya ce min, “Irin wasan sarkin nan, ka raba shi sau ashirin kafin Juma'a. Zan tambaye ka.” Ya ce wa Baba kartar nan ta tsufa, shi zai kawo sabuwa.

Baba bai bar maganar ba har yau. Da safe muna karyawa ya jera katin tsakanin kofuna yana nuna min. Ya ga ina rubuta miki, ya ce in bar masa wuri a ƙasa.

Ɗanki,
Uwais

Hajiya Turai, gaisuwa da ta'aziyya. Na kwana biyu ina mamakin inda yaron nan ya samo taurin kai, yau na gani. Ki sani zuciya huɗu tana yiwuwa in aka bi ta a hankali. Ki turo masa darasi na gaba da wuri, muna da wasa ranar shida ga wata.
Ɗalhatu

Gwaggo, ba ta yiwuwa. Na raba ta sau goma sha ɗaya, ta kowace hanya da biyu take faɗuwa. Na faɗa masa.
Uwais